Sifirin Goma Sha Shida a Ƙarƙashin Benci

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida da sanda, matar ɗana Dogo kuma ta shiga watanta. Gaisuwar ke nan, na sauke haƙƙinta.

"Yaya, ɗanki ba zai taka motar nan ba sai na sauya sifirin bawul da lifta da hannuna." Maganarka ce, a bakin garejin Baba, ranar da ka ɗaura wa injin Dogo sabon kamshaf, sandar ƙarfen nan da ke buɗe bawul, don tseren motocin da zai shiga. Da aka kira ka wurin aikinka, ka ɗauki jaka, ka dafa kafaɗarsa ka ce an gama komai. Shekaranjiya ina share garejin tsintsiyata ta bugi wani kwali a ƙarƙashin benci. Sababbin sifirin ne, murɗaɗɗun ƙarafan nan masu mayar da bawul ya rufe, goma sha shida, kowanne da ƙarami a cikinsa, ko takardar maiƙonsu ba a yage ba. Liftocin na gefe a ledarsu. Ashe ramin ƙarya ƙurarre ne, naka ko bencin bai wuce ba.

Kada ka ce me mace ta sani. Shekara tara ina miƙa wa Baba sifana kafin ka iya ɗaure wandonka, littafin injin da ka bari a kan taga kuma na karance shi har shafukan da ka naɗe. Lifta ɗan kofin ƙarfe ne da ke cika da baƙin mai don ya toshe ratar da ke tsakanin kamshaf da bawul, ƙofar iskar injin. A tafiyar kasuwa ba ruwansa. Amma in aka danne totur injin ya haura juyi dubu shida, tsohon sifirin ba ya iya mayar da bawul da wuri, sai rata ta buɗe, liftan ya kwankwaɗi mai fiye da ƙima, ya tokare bawul ɗin a buɗe. Fistan kuwa ba ya sallama in zai hau, dukan bawul ɗin zai yi, injin ya tarwatse ana cikin gudu. Kai ka ja layi a ƙarƙashin wannan da jan biro, har ka rubuta "hatsari" a gefe. Rubutunka ne, mai kama da tafiyar kaza.

Na kwance murfin injin na gani da idona, tsofaffin ne a ciki, guda-guda. Na kira Dogo na nuna masa. Ya ce in Kawu ya bar su to yana da dalili. Na ce ya buga maka, ya ce ya buga sau huɗu ba ka ɗauka ba, kuma ba zai yi maka rashin kunyar tuhumar aikinka ba. Ka ga abin da ka yi? Gemu gare shi, ya kusa zama uba, amma a gabansa maganarka ta fi abin da idonsa ya gani.

Jiya na bi shi filin gwaji. Motar na tashi da kyau, sai ta kai ƙarshen miƙaƙƙen layin, gab da kwanar da ke kusa da katangar kankare, muryarta ta karye, ta yi wata 'yar sarƙewa kamar mai shirin tari. Abokansa suna tafi. Ni na san wannan sautin. Kai ma ka san shi, don kana wurin ranar da aka jawo motar marigayi Direban Gada, wadda muka sha jin tana irin wannan sarƙewar, baƙin mai na zuba ta ƙasanta, takalminsa ɗaya a ciki. Mutane suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Baba ya ce wani tsautsayin bakanike ne ke sa masa rana.

Ban tambaye ka dalili ba, gaggawa ce ko mantuwa, ko kunyar cewa ba ka gama ba. Tseren ranar Asabar ne. Na ba ka zuwa azahar ɗin Alhamis ka kira Dogo, ka faɗa masa da bakinka cewa ba ka sauya ba, ka hana shi hawa har sai an ɗaura sababbin an gwada. In azahar ta wuce ban ji ba, zan ɗauki sifanar Baba in zare kamshaf ɗin in kulle a ɗakina, sannan in kai kwalin gaban masu duba motocin tseren, in gaya musu wanda ya haɗa injin, su soke sunan ɗana. Na san zai ƙullace ni. Gara ya shekara bai gaishe ni ba, da in zauna a tabarma ana yi mini ta'aziyya.

Ka gaida maiɗakinka da 'yan biyu da Auta. Inna na sa maka albarka, don ban gaya mata ba tukuna.

Yayarka.