Jijiyar Ƙafar Auta

’Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da maigidanki. Raunin da rodi ya yi wa ƙaninki Auta a matsematsi ya warke sarai, amma har yau yana zaune, wai gwiwarsa ta hagu ba ta miƙewa, ba zai iya taka kuloci ba. Na ce masa lalaci ma ciwo ne, ni ce kuma likitarsa. Na ɓoye sandar da yake dogarawa. Mai motar da yake tuƙawa ya fara cigiyar wani direba. An ce a yi masa sikanin, hoton nan da ake yi wa masu ciki. Tunda aikinki ne, namiji ma ana yi masa? Ki riƙe salla.

Mahaifiyarki.

Umma,

Ina gaishe ki da ladabi. Ana yi wa maza, ba sai masu ciki ba. Ki roƙa a bar ki ki kalli allon. Za ki ga baƙin zagaye yana harbawa, hanyar jini ce. A gefensa na waje akwai wani abu fari-fari mai ɗigo-ɗigo kamar saƙar zuma. Wannan ce jijiyar da ke umartar cinya ta miƙe gwiwa. Ki ce a fara nuna miki ƙafar dama, don ki san yadda mai lafiya take. Don Allah, Umma, ki ba shi sandarsa.

’Yarki.

’Yata,

Bayan gaisuwa. Mun je. A dama na ga saƙar zuman tas, yadda kika ce. A hagu likita ya yi ta bin ta da na’urar, ta kumbura, ta yi duhu, daga nan na daina ganinta. Na ce masa me yaron zai yi ta dawo, don ni zan tsaya a kansa. Ya ce jira kawai, sai motsa ƙafar a hankali.

Na ɗauko sandar daga bayan kabad. Auta ya karɓa ya ce, “Umma, yau ba wa’azi?” Na wuce ɗaki, har yau ban ƙara yi masa faɗa ba. Na raine ku a kan duk abin da ya lalace akwai mai laifi. Wannan wa zan kama? Jijiyar za ta dawo? Kar ki lallashe ni.

Mahaifiyarki.

Umma,

Ina gaisuwa. Ban sani ba. Wata tana dawowa, wata ba ta dawowa.

Auta ya kira ni jiya. Ya ce shirunki ya fi hoton ba shi tsoro. Ki samo wani abu ki yi masa faɗa, ko a kan aski ne.

Allah Ya ƙara girma.

’Yarki.