Ƙyauren Baba

Daren Laraba, watan Rajab.

Yau Malam Ummaru kafinta ya gama da ƙyauren Baba, Allah ya jiƙan shi. Har yanzu hannuna ƙamshin man kaɗe yake yi.

Ƙyauren nan kaɗai na ciro daga gidanmu na Maradun kafin ruwan dam ya cinye unguwar. Can tsamiya ke yi mai inuwa. Nan sabon gari ko icce ɗaya babu, rana ta dake shi har ya yi fari, ya fara tsagewa. Na samo fenti shuɗi wurin masu aikin dam, ina ta murna.

Malam ya dubi gwangwanin, ya ce, "Haba Sani! Maɗaci ne fa. Ƙishirwa shika ji, kai kuma za ka toshe mai baki?"

Ya zauna da fasasshiyar kwalba yana kankarewa, tun hantsi har la'asar, ba gaggawa. Sai ga jan icce ya fito kamar jiya anka sassaƙa shi. Munka narka man, munka shafa har sau uku, ƙyauren yana ta shanyewa. Ya kafa zana a samanshi, ya ce in dasa dogon yaro gaban ƙofa da damina ta faɗi.

Wuri ɗaya ya bari bai kankare ba, wani ɗan kwarmi baƙi dab da sakata. Na ce mai ya manta. Ya ce, "Ban manta ba. Nan mahaifinka ka sa hannu shekara da shekaru. Wanga ba dauɗa ba ce."

Ɗazu da zan rufe gida na sa tafina a wurin. Daidai ya zauna.