Kada Ka Kafa Rumfa a Sabon Yashi

Ƙanena Habibu,

Bayan sallama, ya Legas, ya Rabi da 'yan biyu, ya jikin Inna? Ina maka jajen rumfar tsirenka da teku ta lashe. Allah ya mayar da alheri.

Na ji an zuba sabon yashi a bakin ruwan, har kana ɗokin komawa. Tsaya ka ji. Watan jiya guguwa ta cinye tudun da kafilina, maigidan da nake wa aiki, ke kafa tanti a bayan Riyad. Muka jido yashi da tifa, muka kakkafa rassan dabino don su riƙe shi. Tun ciyawa ba ta fito ta kama yashin ba maigidan ya ce, "Yalla, ya Sani, maza a kafa tanti, baƙi na tafe!" Mai sabunta maka iƙama, takardar zaman ƙasa, ba a yi masa gardama. Ana cikin zuba gahawa tudun ya zame, sai ga maigida ƙafafu a sama, buta a hannu.

Shi yashi ne ya tare shi, kai kuwa teku ce a gabanka. Ka gasa tsirenka a bakin titi har ƙasar ta zauna. 'Yan biyu sun fi bukatar uba a kan riba.

Inna ta sa ni a addu'a. Ka gaida kowa.

Yayanka,
Sani