Shafukan da Auta Ta Bari Babu Magana

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta sake mamaye teburin yankan kayana da takardunta. Labarin zane take yi, irin na littattafan nan da ake karantawa daga dama zuwa hagu. Ta gama makaranta, maimakon ta nemi aiki, ga ta nan da tawada har gwiwar hannu. Na yi faɗa. Babanta bai ko ɗago kai ba. Kwanan nan haka yake, sai in yi ta magana kamar da bango nake.

Laraba, 5 ga Maris
"Umma, ki karanta mana, ko shafi biyu." Na ce ina da ɗinkin mutane.

Juma'a, 7 ga Maris
Na karanta. Wutar da aka ɗauke ce ta sa, keken ɗinki ya tsaya.

Labarin wani dattijo ne da matarsa. A farko maganar kowa cike take cikin 'yan da'irorin nan da ke fitowa daga baki. Sai na ga haruffa suna ƙanƙancewa. A shafi na gaba wasu kalmomi sun faɗi, sai giɓi. Na ɗauka kuskure ne, har na kusa kiranta. Can matar ta buɗe baki, jijiyar wuya a tashe, da'irar ta cika rabin shafi, amma babu ko harafi a ciki. Fari fat. Dattijon yana ta murmushi yana gyaɗa kai.

Wannan murmushin na san shi. Shekara guda ina cewa raini ne.

Ikon Allah. Takarda ce fa, ba ta da sauti. Ta yaya yarinyar nan ta sa na ji kurumta da idona?

Asabar, 8 ga Maris
Na tambaye ta. Ta ce, "Umma, ba na zana abin da ya faru, abin da ya kai gare shi nake zanawa." Wai tun bara ta lura babanta leɓenmu yake kallo. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ban gani ba.

Na ce kada ta nuna masa. Mutumin da ko tabarau sai da aka yi rigima.

Talata, 11 ga Maris
Ta nuna masa. Kunnen ƙashi.

Ya zauna a kujerar bakin taga, ni ina soke allura a wuri ɗaya. Ya kai farin shafin ya daɗe. Sai ya kira ta. "Auta, nan kin yi kuskure. Ba shiru ba ne. Ƙara ce, kamar injinan masaƙa ba su tashi daga aiki ba." Ita kuwa ta jawo fensir ta ce, "Yaya take, Abba? Siririya ko mai kauri?" Suka yi ta yi har la'asar, yana kwatantawa da hannu, tana jan layuka.

Abin da ya kasa faɗa mini, ya faɗa wa takarda.

Alhamis, 13 ga Maris
Sabon shafin! Layuka cunkus kamar ruwan sama, fuskar matar can bayansu da ƙyar ake ganinta. Sai da na toshe kunnena. Ya yarda zai ga likita ranar Litinin.

Lahadi, 16 ga Maris
Har yanzu ban ce zane sana'a ba ne. Na dai shiga wurinta da safe na ce matar nan ta cika faɗa, mai karatu zai tsane ta, alhali tsoro ne ke cinta. Auta ta dube ni, ta matsa mini a kan benci. "To yaya tsoron yake, Umma?"

Ɗinkin mutane yana nan, gobe ma rana ce.