Awo Tukuna, Sannan Alwala: A Buɗe Famfon da Aka Kulle

Zuwa ga Babban Manajan kamfaninmu, ofishin Manchester.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Sunana Rifkatu Bulus, mai awon gubar nukiliya a tsohon ɗakin gwaje-gwajen da muke rushewa a Birmingham. Na kai kukana wurin shugaban sashe, shiru kake ji, shi ya sa na fito fili.

Na farko, burɓushin gubar da muke farauta mai fitar da tururin nukiliya ne da ake kira alfa. Ko fata ba ya hudawa, amma in ya shiga baki ko hanci, ya zauna ke nan. Kuma ɗan danshi a tafin hannu ya isa ya ɓoye shi, na'urar awo ta ce lafiya lau.

Na biyu, a ƙofar fita an sa famfo kafin na'urar awo. Ma'aikatanmu biyu, Malam Isufu da Awudu, mutanen Kumasi, da azahar ta yi sai su cire safar hannu su yi alwala a nan. Su kurkure baki, su shaƙa ruwa da hannun da ba a auna ba, sannan su zo na'ura da danshi. Na rubuta a watan jiya cewa a mayar da famfon bayan na'urar.

Na uku, sai kuka kulle famfon, kuka manna sanarwar hana alwala da sunana a ƙasa. Haba! Ni Kirista ce, amma yaushe na ce a hana wani salla? Malam Isufu da muke hawa bas ɗaya daga Handsworth, yanzu da ƙyar yake amsa gaisuwata. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Mafi muni, ba su daina ba, ba kuma za su daina ba. Da gorar ruwa suke yi a bayan akwatuna, inda idona ba ya kaiwa.

Roƙona shi ne a cire sanarwar, a mayar da famfon bayan na'ura a buɗe shi, a kuma auna jikin mutanen nan biyu a asibiti.

Kafin ka amsa, daga Litinin zan tsaya a ƙofar da kaina, buta cike da ruwa a gefena. Duk wanda na auna hannunsa a bushe, ni zan miƙa masa ita. In laifi ne, ka san inda za ka same ni.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka yi adalci.

Wassalam.

Rifkatu Bulus