Ba Ke Kika Cinye Cikin Hanne Ba

Inna, gaisuwa da fatan rahama.

Kin san wa ke kwance yau a kan gadonki tana tsala kuka? Na san ba za ki karanta wannan ba, ko da ranki ma sai dai in karanta miki. Amma bakina ya ƙi rufuwa. Hanne ta haihu, Inna. Mace, da manyan kunnuwanki, da muryar da kike kiran awaki da ita. Na sayo rago a kasuwar Kankara, har maƙwabta na cewa aikin titin Faskari ya sa ni hauka.

Kin tuna shekarun da muka yi ba haihuwa, har likita a Zariya ya ba Hanne ƙwayoyi? Ciki ya shiga, ya zube kafin ya yi ƙwari. Wani ya shiga, ya zube. Sai Baba Sale, kawun Hanne na Damari, ya tsaya a kasuwar Sabuwa ya ce ke mayya ce, ke kike cinye su. Mata suka daina sayen daddawarki. Kina dawowa da ƙwarya cike, ki ce mini rana ce ta yi zafi. Na sani, Inna. Ina ganin kina juye ta a bayan rumbu, na yi shiru don kada ki ji kunya.

Bayan rasuwarki wani cikin ya sake zubewa. To, daga kabari kika cinye shi?

A wancan ɓarin likitan ya sa aka auna abin da ya fita. Ya ce a cikin irin ɗan Adam akwai wasu zarurruka da ido ba ya gani, biyu-biyu suke, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wani lokaci sai ɗaya ya ƙaru wajen haɗuwa, cikin ya kasa girma tun daga farko. Ba laifin Hanne ba ne, ba na ƙwayoyin ba, balle ke. Ni da na koyi karatu a jikin allunan titi, na sayi tsohon littafi a Kaduna, na bi shi da yatsa har na ga hotonsu. Kamar taliyar da kike murza mana suke. Na yi dariya har hawaye.

Jibi suna. Sunanki za ta ci, mu riƙa kiranta Inna Ƙarama. Hanne ta ce da daddawa kaɗai za a yi miyar.

Na aika wa Baba Sale goronsa. Zai zo, ba ya ƙin nama. Kafin liman ya ɗaga hannu zan miƙe a ƙofar zaure in tambaye shi: yarinyar nan da za a raɗa wa sunan mayya, zai ɗauke ta ko ba zai ɗauka ba? A kasuwa ya faɗa, a gaban jama'a zai amsa.

Allah ya haskaka makwancinki.

Ɗanki mai tsiwa,
Lawal