Zo Gada da Gudumarki, Nives

Nives, hasken safiyata, furen lemona, sanyin ruwan tsaunukanmu kafin a ɓata shi,

Kwana tara ke nan ba ki ɗauki wayata ba, tun ranar da jaridarmu ta buga rahotona. Kin san abin da na rubuta: masu fasa farin dutsen marmara suna juye lakar dutse a kogi, ruwan ya koma fari kamar madarar da ta lalace. Na tsaya a kan gada ina ɗaukar hoto.

Ladana? Edita ya cire ni daga teburin labarai, ya tura ni shafin asalin kalmomi. "Corrado, je ka huta," in ji shi, miyar taliya a gemunsa. "Fara da pietra, tunda dutse ya tsone maka ido." Tir!

Na bincika, don aikina ne. Pietra, dutse. Mun gaje ta daga Rumawa, su kuma sun aro ta wurin Girkawa: petra, falalen da ke kafe a ƙasa. Inda Girkawa suka samo ta, babu masanin da ya tabbatar. Sama da shekara dubu biyu kalmar na tafiya ba ta narke ba, mu kuwa a garinmu Carrara muna niƙe tsaunin ya zama garin da ake sawa a man goge baki. Wa zai ji wannan bai ji ƙyama ba?

Kin tuna ranar da kika kai ni wurin aikin babanki? Kika ƙwanƙwasa dutse da guduma, kika ce lafiyayye yana amsawa kamar ƙararrawar coci, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa muryarsa a dishe take. Babanki ya ce, "Ɗan jarida, da hannun nan naka ko cuku ba za ka yanka ba!" Kika yi dariya, farar ƙura a girarki. Wayyo, dariyar nan!

Jiya babanki ya aiko: ko in janye rahoton, ko in manta hanyar gidanku. Na san abincinku daga dutsen nan yake fitowa, ban raina wannan ba. Amma in na janye, tsaga ta shige ni, kuma ke ce za ki fara jin ta.

Ba zan janye ba, kurciyata, kuma ba zan bar ki ba. Asabar da hantsi ina kan gada. Ki zo da gudumarki, ki ƙwanƙwasa ni ki ji.

Naki, muddin akwai sauran tsauni a bayan garin nan, da bayan sun cinye shi,

Corrado